Ƙanƙarar Antatika da Gaɓar Jidda: Dalilin da Hasashen Zaizayar Teku Ba Ya Tsayawa a Lamba Ɗaya

Duk wanda ya buɗe rahoton 2021 na kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, wato IPCC, yana neman a gaya masa nawa ruwan teku zai ƙaru kafin shekarar 2100, amsa mai faɗi zai tarar. In duniya ta rage hayaƙin da ke ɗumama ta ƙwarai da gaske, santimita 28 zuwa 55. In aka bi tsaka-tsaki, 44 zuwa 76. In kuwa aka ci gaba da ƙona mai da kwal ba ƙaƙƙautawa, 63 zuwa 101. Sai kuma ga wata jimla a ƙarƙashin waɗannan da ta fi su ɗaga hankali: a hanyar hayaƙi mai yawa, ba za a iya kore yiwuwar ƙaruwar ta doshi mita 2 a 2100 ba, ko mita 5 a 2150.

Mai gini a bakin ruwa kuwa ba ya aiki da "tsakanin kaza da kaza". Injiniyan da aka ba zanen katangar kariya a Kornish ko a Abhur, ko magudanar da za ta kai ruwan sama daga kudancin Jidda zuwa Bahar Maliya, lamba ɗaya zai rubuta a takarda, kuma a kanta magina za su ɗaure rodi su zuba kankare. Cikin maginan nan da direbobin da ke kawo musu dutse da yashi akwai 'yan'uwanmu da dama, kuma unguwannin da Hausawa suka daɗe a cikinsu a Jidda, irin su Karantina da Sabil da Hindawiyya, a ɓangaren gari mai kwari suke, kusa da ruwa. Yanzu da aka rushe da yawa daga cikinsu ana shirin sabon gini, abin da za a kafa a wurin zai kai ƙarshen ƙarnin nan a tsaye. Saboda haka ya dace a san inda giɓin da ke tsakanin lambobin nan ya samo asali, da yadda yake ninkuwa in aka juya shi daga tsawon ruwa zuwa faɗin ƙasar da za a rasa.

Wace ƙanƙara ake nufi

Ƙanƙarar da ke yawo a saman teku a ƙuryar arewacin duniya, wadda ake yawan nunawa a talabijin, narkewarta ba ta ƙara wa teku tsawon a zo a gani. Kamar ƙanƙarar da aka jefa cikin kofin zoɓo ce: tun da ta shiga ta riga ta ture ruwa daidai nauyinta, ko ta narke kofin ba ya zuba. Wadda ake tsoro ita ce wadda ke zaune a kan ƙasa. Ta Girinlan, in ta narke kaf, mita 7.4 za ta ɗora wa tekunan duniya. Ta Antatika kusan mita 58. Ta kan manyan duwatsu irin su Himalaya da Andis duka-duka ba ta kai rabin mita ba. Ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne: tan biliyan 360 na ƙanƙara daidai yake da milimita ɗaya a tsawon ruwan teku.

Abin da ya riga ya faru an auna shi, babu jayayya. Daga 1901 zuwa 2018 teku ya ƙaru da kusan santimita 20. Saurin ƙaruwar ya tashi daga milimita 1.3 a shekara kafin 1971, ya koma 1.9, sannan 3.7 tsakanin 2006 da 2018. Tun 1993 taurarin ɗan'adam ke auna doron teku, kuma tun 2002 wasu tagwayen taurari masu suna GRACE, sannan waɗanda suka gaje su, ke auna nauyin ƙanƙarar ta hanyar lura da yadda ƙarfin janta yake raguwa. Da aka haɗa awon, sai aka ga Girinlan da Antatika sun yi asarar tan biliyan 7,560 tsakanin 1992 da 2020, wato milimita 21. Lambar ƙarama ce a ido, amma saurin asarar ya ninka sau huɗu daga shekarun 1990 zuwa shekarun 2010.

Yanzu a duba yadda aka tara santimita 63 zuwa 101 ɗin can. Kumburin da ruwa ke yi in ya ɗauki zafi an ba shi santimita 24 zuwa 36. Ƙanƙarar duwatsu 15 zuwa 21. Girinlan 9 zuwa 18. Antatika kuwa 3 zuwa 34. Sauran duk bakinsu kusa yake da juna, ita kaɗai ce lambarta ta sama ta ninka ta ƙasa fiye da sau goma. A nan gizo ke saƙar.

Yammacin Antatika

Girinlan galibi daga sama take narkewa, rana da iska mai ɗumi ke cinta, kuma wannan lissafi ne da aka ƙware a kai. Antatika ta yi sanyin da samanta ba ya narkewa sosai. Daga ƙasa ake cinta.

Shimfiɗar ƙanƙarar yammacin Antatika tana zaune a kan dutsen da ke ƙasa da doron teku, a wasu wurare da fiye da mita 2,000. Ƙanƙarar tana gangarowa a hankali zuwa teku ta wasu manyan koguna daskararru. Inda kogin ya isa ruwa mai zurfin da zai iya ɗaga shi, sai ya daina taka ƙasa ya fara iyo, ya miƙe gaba a matsayin leɓe mai kaurin ɗaruruwan mita. Wannan leɓen yana gogar bangon gaɓa da tudun da ke ƙarƙashin ruwa, don haka yana tokare ƙanƙarar da ke bayansa. Ruwa mai ɗan ɗumi da ke can ƙasa, wanda zafinsa bai wuce digiri ɗaya ba amma ya fi ƙarfin ƙanƙara a wannan zurfin, yana kutsowa ta kwazazzaban ƙasan teku yana lasar leɓen ta ciki. In leɓen ya yi siriri, tokarin ya yi rauni, kogin ya ƙara gudu. An ga haka ƙiri-ƙiri a 2002, lokacin da leɓen Larsen B mai faɗin murabba'in kilomita kusan 3,250 ya wargaje cikin makonni kaɗan, wasu kogunan bayansa suka ninka gudunsu har kusan sau takwas.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi. A ƙarƙashin kogunan Thwaites da Pine Island, ƙasa tana ƙara nitsewa ne in ana shiga cikin nahiyar. Duk sanda layin da ƙanƙara ke taka ƙasa ya ja baya, sai ya faɗa wuri mafi zurfi, inda ƙanƙarar ta fi kauri, kuma yawan abin da ke fita teku yana ƙaruwa ƙwarai da kaurin bakin. Fitar da yawa tana sa layin ya ƙara ja baya, ja bayan yana ƙara fitar. Johannes Weertman ya bayyana wannan a 1974, John Mercer ya yi gargaɗi a kai a 1978. Thwaites kaɗai, mai faɗin baki kusan kilomita 120, yana riƙe da santimita 65 na ruwan teku, kuma in ya tafi zai buɗe hanya ga sama da mita 3 da ke bayansa. Masana sun yarda da yadda abin yake aiki. Saɓaninsu a kan sauri ne, domin saurin ya dogara da abubuwan da ke ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin kilomita ɗaya ko biyu: shin dutse ne mai kaushi ko laka mai santsi, ina tudun da zai iya riƙe layin na shekara ashirin ko hamsin, nawa ruwan ɗumi ke shiga a kowace shekara. Da aka huda rami mai zurfin kusan mita 600 aka zura na'ura mai suna Icefin a ƙarƙashin Thwaites, sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna wuraren da ke shafe suna narkewa a hankali fiye da yadda lissafi ya zata, mita 2 zuwa 5 a shekara, amma cikin tsagogi da matakala narkewar ta fi sauri nesa ba kusa ba. Awo ɗaya ya kwantar da hankali ta wani gefen, ya tayar ta wani.

Akwai ta uku, wadda ita ce ta haifi zancen mita 2. A 2016 Robert DeConto da David Pollard suka sa wani tunani cikin lissafinsu: in leɓen ya tafi gaba ɗaya, zai bar bangon ƙanƙara a tsaye a bakin ruwa, kuma bangon da ya haura kusan mita 90 a saman ruwa ba zai iya ɗaukar nauyin kansa ba. Zai rufta, ya fallasa wanda ya fi shi tsawo a baya, shi ma ya rufta. Da wannan, Antatika kaɗai ta ba da sama da mita ɗaya kafin 2100. A 2019 Tamsin Edwards da abokan aikinta suka nuna ana iya bayyana tarihin ƙanƙarar ba tare da wannan ruftawar ba. A 2021 DeConto da kansa ya sauko da lambarsa. A 2024 Mathieu Morlighem da tawagarsa suka gwada da lissafi mai ƙarin tsanaki, suka ga da wuya Thwaites ya bi wannan hanyar a cikin ƙarnin nan. Har yau ba a taɓa ganin irin wannan ruftawa mai bin juna a girman da ake magana ba, kuma ba a tabbatar ba za ta yiwu ba.

Akwai kuma abubuwan da ke ja ta ɗaya ɓangaren. Iska mai ɗumi tana ɗauko danshi, dusar ƙanƙara tana ƙara zuba a gabashin nahiyar, tana rama wani abu. Ƙasar da ke ƙarƙashin yankin tekun Amundsen tana tasowa da kusan milimita 41 a shekara saboda nauyin da ake sauke mata, wanda zai iya rage wa layin saurin ja baya.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne siffar wannan rashin tabbas. Ba daidai yake ta ɓangarori biyu ba. Ta ƙasa akwai iyaka: zafin da teku ya riga ya sha da ƙanƙarar da ta riga ta kama hanya ba za su bari lambar ta sauka ƙasa da kwata na mita ba ko an yi sa'a. Ta sama kuwa ƙofa a buɗe take. Kuma abin da IPCC ke kira zangon da ake kyautata zato, irin su santimita 63 zuwa 101 ɗin can, yana nufin kashi biyu cikin uku ne kawai, wato akwai kusan ɗaya cikin shida na abin ya zarce lambar sama. Tarihin rahotannin ma ya nuna inda ake karkata: a 2007 an ce santimita 18 zuwa 59, tare da bayyana cewa ba a sa saurin kwararar ƙanƙara ba, a 2013 lambar sama ta kai 98, a 2019 ta kai 110.

Labari mai daɗi shi ne giɓin a nesa yake buɗewa. Zuwa 2050, kowace hanya aka bi, ƙarin yana tsakanin santimita 15 da 30. Bayan nan ne layukan ke rabuwa.

Daga matsakaicin duniya zuwa bakin Jidda

Ruwan da ya narke ba ya bazuwa daidai-wa-daida. Tarin ƙanƙara mai girman nahiya yana jan ruwan teku zuwa jikinsa da nauyinsa. In ya ragu, jan ya saki, ruwan da ke kusa da shi, har nisan kilomita kusan 2,000, sauka yake yi, na nesa kuma ya sami rabonsa cikakke ko fiye. Mu da ke nesa da ƙuryoyin duniya biyu ba mu da rangwame. Sai kuma motsin ƙasar kanta: tsohon garin Jizan, a kudancin gaɓar Saudiyya, a kan curin gishiri yake, ƙasa na motsi a ƙarƙashin gine-gine, kuma duk filin da aka cike teku aka samar, kamar yadda aka yi a dogon ɓangare na gaɓar Jidda, yana ci gaba da zama shekaru bayan an gama. Milimita 2 na nitsewa a shekara santimita 15 ne cikin shekara 75, kuma ba ya cikin kowace lamba ta IPCC ta duniya.

Bahar Maliya tana da halinta. A tsakiyarta, daidai Jidda da Port Sudan, cika da janyewar ruwa ta kullum ƙarama ce, santimita 20 zuwa 30. Bambancin da ya fi girma na lokutan shekara ne: da hunturu ruwa yakan fi na bazara tsawo da santimita 30 zuwa 50, saboda yadda iska ke tura ruwa ta mashigar Babul Mandab da kuma ƙafewar da ke ɗauke kusan mita 2 a shekara. Wannan natsuwar ta sa aka saba gini daf da ruwa, da ɗan tsawo kaɗan. Garin da ya saba da cikar mita 5 ya riga ya ɗaga komai nasa, ƙarin santimita 30 ba zai girgiza shi nan take ba. A wurinmu santimita 30 ya isa ya mai da ruwan bazara irin na hunturu, ya kai na hunturu inda bai taɓa zuwa ba.

Santimita nawa, mita nawa

Hanyar da aka fi amfani da ita wajen juya tsawon ruwa zuwa ja da bayan gaɓa ita ce ƙa'idar da Per Bruun ya fitar a 1962. Ana auna nisa daga tudun yashin gaɓa zuwa inda igiyar ruwa ta daina motsa yashin ƙasa, a raba shi da jimlar zurfin wurin da tsawon tudun, sai a ninka da ƙarin ruwan. A ɗauki misali: nisa mita 300, zurfi mita 4, tudu mita 2. An raba 300 da 6, an sami 50. Kowace santimita ɗaya ta ruwa za ta ci rabin mita na gaɓa ke nan. Santimita 44 za ta ci mita 22, 76 ta ci mita 38, mita ɗaya ya ci 50, mita 2 ya ci 100. Saɓanin da masana ke yi a kan bangon ƙanƙara a Antatika, in ya iso wannan gaɓar, ya zama tambayar ko titi da layin gidaje na farko za su tsira.

Sai dai ƙa'idar Bruun an gina ta ne a kan gaɓa mai yashi zalla, wadda ba a ƙara mata ba a rage mata ta gefe, kuma babu katanga a bayanta. Andrew Cooper da Orrin Pilkey sun soke ta da ƙarfi tun 2004. Da wani bincike na 2020 ya yi amfani da irinta ya ce kusan rabin gaɓoɓin yashi na duniya na iya ɓacewa kafin 2100, sai Cooper da wasu suka mayar da martani cewa gaɓar da ke da fili a bayanta matsawa take yi ciki, ba ta mutuwa. Wadda aka toshe wa baya da siminti ita ce ke ƙarewa. A ganinmu masu martanin sun fi gaskiya, kuma maganarsu ta fi shafar birni irin Jidda, inda kusan ko'ina akwai siminti a baya.

Gaɓar Bahar Maliya ma yawancinta ba irin ta Bruun ba ce. Akwai sabka, wato fako mai gishiri da ke kwance kusan daidai da ruwa. A yankin Shu'aiba, kudu da Jidda, ko yanzu ruwa kan malale ta in ya cika. Inda ƙasa ke hawa mita ɗaya cikin dubu, rabin mita na ruwa rabin kilomita ne na fili, ba tare da igiya ta kwashe ko ƙwayar yashi ba.

Sannan ga murjani, wanda masunta ke kira sha'ab, kuma a nan ya kamata a daɗe. Mafi yawan gaɓar tana da shingen murjani a gabanta, da wani fili mara zurfi tsakaninsa da tudu. Igiyar da ta taso daga tsakiyar teku tana fashewa a bakin shingen. Binciken da ya haɗa awo daga wurare da yawa a duniya a 2014 ya nuna murjani yana kashe kusan kashi 97 cikin ɗari na ƙarfinta. Abin da ya tsallake, zurfin filin ne ke iyakance shi: tsawon igiya a kan irin wannan fili ba ya wuce kusan rabin zurfin ruwan. In ruwan mita ɗaya ne, igiyar santimita 50 ce. A ƙara rabin mita, ta zama 75. Ƙarfin igiya kuwa yana tafiya ne da tsawonta a ninke da kansa, don haka wannan ƙarin ya ninka ƙarfin da ke dukan gaɓa fiye da sau biyu. In ƙarin mita ɗaya ne, sau huɗu.

Murjani mai rai yana girma sama da 'yan milimita a shekara, don haka yana iya bin ruwa in ruwan na hawa a hankali. A nan ne saurin Antatika ya fi jimlarta muhimmanci. Milimita 4 a shekara shinge mai lafiya zai yi ƙoƙari. Milimita 15 ko 20, wanda shi ne kusan abin da hanyar mita ɗaya ke nufi a ƙarshen ƙarni, zai bar shi a baya. Kuma zafin da ke narkar da ƙanƙarar shi ne ke ƙona murjanin. An ga ya yi fari ya mutu a sassan gaɓar Saudiyya a 2010 da 2015. Shingen da ya mutu yana sulɓewa, yana gutsurewa, filin ya ƙara zurfi ta ƙasa yayin da ruwa ke ƙaruwa ta sama. Yashin gaɓar ma da yawansa daga murjanin da kwansar halittun ruwa yake fitowa. Lissafin zaizaya da bai sa lafiyar sha'ab a ciki ba bai kama hanyar gaskiya ba a wannan teku.

Wanda ke son ganin shaida da idonsa ya dubi dutsen da aka gina tsoffin gidajen Balad, tsohuwar unguwar Jidda, da shi, wanda ake kira manƙabi. A jikinsa ana ganin ramuka da zanen murjani da ɓawon kwansa. A wurare da dama a gaɓar nan akwai matakalar tsohon murjani da ke tsaye mitoci kaɗan a saman ruwan yau. Wasunsu a arewa motsin ƙasa ne ya ƙara ɗaga su, amma asalinsu na zamanin da ya wuce da kusan shekara 125,000 ne, lokacin da zafin duniya bai fi na yanzu da wani abin kirki ba, teku kuma ya fi na yau da mita 5 zuwa 10.

Wani gargaɗi, don kada a ɗora wa ƙanƙara laifin kowa. Gidajen murjani na Sawakin a gaɓar Sudan, tashar da kakannin da yawa daga cikinmu suka tsallako ta cikinta, sun zube ne galibi saboda an bar su ba gyara bayan Port Sudan ta karɓe ciniki a farkon ƙarnin da ya wuce. Zaizayar da ake gani yau a yawancin wurare daga hannun mutum take: an haƙa hanyar jirgi an yanke shinge, an kafa gadar dutse ta tare yashin da iskar arewa ke turowa kudu, gefe ɗaya ya tara ɗayan ya rame, an datse kwarin da kan kawo laka da yashi in an yi ambaliya, raƙuma sun cinye itatuwan shura, masu tsirowa cikin ruwan gishiri, da ke riƙe taɓo. Zuwa 2050 waɗannan sun fi Antatika tasiri. Bayan 2070 lissafin na iya juyawa.

A cikin gari, ruwan yakan fara zuwa ta ƙarƙashi. Ruwan ƙasa a sassan Jidda kusa yake da sama, saboda yoyon bututu da bayyara, wato ramin ruwan datti na gidaje, kuma teku ne ke riƙe masa matakin da zai sauka. Teku ya hau, shi ma ya hau, gishiri ya shiga fandisho, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga kankare. Magudana kuma da gangara take aiki. Wadda ke sauka mita 2 cikin kilomita ɗaya, in bakinta ya nitse da rabin mita, ta rasa kwata na gangarenta, a garin da ya ga ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 da ta ci rayuka sama da ɗari, ya kuma ga ruwan milimita 179 cikin awa shida a Nuwamba 2022.

Wace lamba za a rubuta a takarda

Amsar tana bin tsawon ran abin da za a gina da kuma girman asarar in ya gaza. Rumfar shaƙatawa, hanyar tafiya a ƙafa, wurin ajiye kwale-kwale, abin da za a sabunta cikin shekara 25: santimita 30 ya wadatar, kuma kashe kuɗi a kan mita 2 a nan ɓarna ce. Unguwar zama da titi da magudanar da za su kai 2100, a yi aiki da mita ɗaya, a ɗora nitsewar ƙasar wurin, a ɗora cikar hunturu da tunkuɗar iska. Tashar tace ruwan teku irin ta Shu'aiba, wadda Makka da Jidda ke sha daga gare ta, ko tashar lantarki, ko babbar tashar jiragen ruwa, dole a gwada zanensu da mita 2, domin ko yiwuwar ƙarama ce, gazawarsu ba abin da za a iya ɗauka ba ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar lambar tsakiya a shafa wa komai.

Gwadawa da mita 2 ba ya nufin a gina na mita 2 yau. Nauyin dutsen da ake jerawa a gaban katanga yana tafiya ne da tsawon igiya a ninke da kansa, a sake ninkawa da shi: igiya ta ƙaru da rabi, dutsen tan ɗaya ya koma na kusan tan 3.4. Sayen wannan tun yanzu don abin da mai yiwuwa sai bayan shekara sittin ba dabara ba ce. Abin da ake yi shi ne a zurfafa tushe a faɗaɗa shi yadda zai ɗauki ƙarin tsawo, a kare gindin katangar sosai domin nan igiyar da ta dawo ke rarakewa, a bar gurbin famfo da ƙofar hana komowar ruwa a bakin magudana, a ba rodi rufin kankare na milimita 75 a wurin da gishiri ke taɓawa. Inda babu gini tukuna, layin ja da baya ya fi kowace katanga araha.

Sai a sa alamar da za ta ce lokaci ya yi. Landan haka ta tsara kariyar kogin Thames: matakai a jere, kowanne da tsawon ruwan da in an kai shi za a fara na gaba. Sun koyi darasin ne da tsada, domin daga ambaliyar 1953 zuwa fara aikin shingensu a 1982 kusan shekara talatin aka ɗauka. Alamar tana buƙatar ma'aunin ruwa da ba ya yankewa, haɗe da na'urar GPS da ke nuna ko ƙasar ce ke sauka, da awon siffar gaɓa daga turaku tabbatattu sau biyu a shekara, ƙarshen hunturu da ƙarshen bazara, don kada a ɗauki juyin lokaci a matsayin zaizaya. Masu wannan ilimin suna nan kusa: tsangayar kimiyyar teku ta Jami'ar Sarki Abdul'aziz, jami'ar KAUST da ke Thuwal, hukumar kare muhallin Bahar Maliya, wato PERSGA, mai hedikwata a Jidda, da Jami'ar Bahar Maliya a ɗaya gaɓar. Mataki na biyu kuma yana buƙatar wurin tsayawa, don haka filin da ke bayan katanga, mita ashirin ko talatin, sai an rubuta shi cikin taswirar gari tun yau a matsayin wanda ba a sayarwa, a bar shi lambu ko wurin ajiye motoci har ranar da za a neme shi.